Fitilar cek injin: Abin da ya sa sauya sensa ba ya hana tsohuwar Sienna shan mai

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, direbobin haya kaɗan ne ke damuwa da 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da siffar inji da ke kamawa a dashbod. Muddin mota na tashi kuma tana ja, sai a bar fitilar ta yi ta ci. Wasu kan liƙa mata baƙin tef, wasu dillalai kuma su cire ƙwan gaba ɗaya kafin su kai motar kasuwa. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a garuruwa da dama. Daga nan lissafi ya sauya, domin motar da ke shan mai fiye da ƙima ribar direba take sha.

Motocin da abin ya fi shafa tsofaffi ne 'yan Kwatano: Toyota Sienna ƙirar 1998 zuwa 2003 da mai bi mata ta 2004 zuwa 2010, waɗanda aka ƙera a Amurka don ɗaukar iyali, yanzu kuma suke jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, sai Volkswagen Sharan da Ford Galaxy da suka fito daga Turai. Labarinsu kusan ɗaya ne. A kai mota wajen mai sikana, ya jona na'urarsa, lamba ta fito da sunan oksijin sensa, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wata a ɗaura, a goge lambar, fitila ta mutu. Bayan kwana biyu ko uku ta dawo, shan man kuma yana nan yadda yake.

Abin da sensar ke yi a salansa

Injin fetur na buƙatar iska kashi 14.7 a kan kowane kashi ɗaya na mai, idan aka auna da nauyi, kafin ƙonewa ta yi daidai. A zamanin kafireto bakanike ne ke saita wannan da sukundireba da kunnensa. A motocin nozul kuwa ƙwaƙwalwar mota ce ke yi, wadda ake kira birenbos a gareji, kuma ba ta ganin cikin inji. Rahoto take jira daga sensar da ke ɗaure a jikin salansa tana shinshinar hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita a 1976, aka fara sa ta a motocin Volvo.

Irin ta da tana aika wuta tsakanin volt 0.1 da 0.9. Idan iskar oksijin ta yi yawa a hayaƙi sai adadin ya sauka, birenbos ya ƙara mai. Idan ta yi ƙaranci ya hau, ya rage. Haka za su yi ta yi ba tsayawa. Sensar ba ta aiki sai ta yi zafin da ya haura digiri 300, shi ya sa aka saka mata hita a ciki.

Ramin da ake jona sikana, mai haƙora 16, yana ƙarƙashin sitiyari. Doka ce ta wajabta shi: a Amurka daga motocin 1996, a Tarayyar Turai daga 2001 ga masu amfani da fetur. Amma wurin da ake yin kuskure shi ne karanta abin da ya fito. Lambar na faɗin inda birenbos ya ga abu bai yi daidai ba ne kawai. Ba ta faɗin mai laifi. Sau da yawa sensar shaida ce da ta faɗi gaskiya, sai a cire ta a jefar a bar ɓarawon.

Misali lambar P0171, da 'yar uwarta P0174 a injin mai fulogi shida. Ma'anarsu iska ta fi mai yawa. Abin da ke jawo haka yakan zama fashewar robar da ke kai iska cikin inji, ko fanfon mai ya yi sanyi, ko nozul ya toshe, ko kuma ƙura ta lulluɓe sensar da ke auna iska kusa da matatar iska. Wannan na ƙarshen ruwan dare ne lokacin hunturu, musamman a motar da ake busa matatarta da iska shekara da shekaru maimakon a sauya. Akwai kuma ɓular salansa a gaban sensar: iskar waje ta shiga ta wurin, sensar ta kai rahoton mai ya yi kaɗan, birenbos ya yi ta zuba mai a injin da ba ya buƙata. Sabuwar sensa ma rahoton da za ta kai ke nan.

Ƙwararren mai sikana ba ya tsayawa a lamba. Yakan bar inji ya yi zafi, ya buɗe shafin da ke nuna yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa a daidai lokacin. Idan bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, babu damuwa. Idan ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da zarar an taka totur zuwa juyi 2,500, to iska ce ke satar hanya ta wata kafa. Idan kuwa sai an taka ne yake hawa, a duba fanfon mai da ma'aunin iska. Gwajin bai fi na 'yan mintuna ba, kuma ba a kwance ko noti ɗaya.

Indomi da tamostat

Akwai matsaloli biyu da littafin kamfanin Toyota bai yi tsammani ba. Ta farko ita ce indomi, wato saƙar nan mai kama da gidan zuma da ke cikin tukunyar salansa tana tace hayaƙi. A jikinta akwai ma'adinai masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, saboda haka tana da kasuwa. Wata motar tun kafin ta iso hannun mai ita an farke tukunyar an kwashe an mayar da walda, wata kuma a gareji za a ce ta toshe a fasa. Sensar da ke bayan tukunyar babban aikinta shi ne duba ko indomin na tacewa. Idan babu shi sai ta ga hayaƙin da ya fito daidai yake da wanda ya shiga, lambar P0420 ko P0430 ta fito. Ko sensa goma aka sauya, lambar za ta dawo. Yana da kyau direba ya sani cewa wannan sensar ta baya ba ita ke da babbar magana a kan shan mai ba. Ta gaba ce.

Ta biyu ita ce al'adar cire tamostat da jona fanka kai tsaye, bisa cewa an yi su ne don ƙasashen sanyi. Tamostat ɗin Sienna na buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma a kan wannan zafin aka tsara lissafin man. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai yi zafi ba, da asubar hunturu a kan babban titi ma yana iya kasa kaiwa. Birenbos kuma yana ba inji mai sanyi ƙarin mai. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, toka ta rufe bakin sensar. Daga baya sensar ta lalace da gaske, amma ba ita ta fara ba. Haka abin yake ga injin da ke ƙona baƙin mai, ko gaskit ya ƙone ruwan lagireto na shiga silinda, ko an lafta gam ɗin silikon da bai dace ba: duk suna kashe sabuwar sensa kamar yadda suka kashe tsohuwar.

Lokacin da sensar ce da kanta

Wannan ba ya nufin sensa ba ta mutuwa. A motar da ta shekara ashirin a kan titi, hitar cikinta kan ƙone, ga lambobi irin su P0135 da P0141, a wasu tsofaffin Toyota kuma P1135 da P1155. Ko a nan, mai gyaran waya na kirki zai fara duba fis da soket da wayar da ke bin jikin salansa, wadda zafi kan narka ko ɓera ya ci, sannan ya auna hitar da mita. Idan mita ta nuna a yanke take, an kama mai laifi. Lambar P0133 kuma na nufin sensar ta tsufa, tana jinkirin amsawa.

Wajen saye ma akwai tarko. Sienna ta 2004 zuwa sama, da wasu daga cikin waɗanda suka gabace ta, sensarsu ta gaba ba irin ta da ba ce. Wata iri ce da ke auna haɗin iska da mai dalla-dalla, sikana kan nuna ta a wajen volt 3.3, ba ta hawa da sauka kamar waccan. Wanda bai sani ba zai ce ta daskare. Su biyun kama suke a ido, kowace da waya huɗu, kuma za su ɗauru a rami ɗaya, amma idan aka yanke soket aka haɗa ta da a gurbinta, birenbos ba zai fahimci yarenta ba. Lambar da ke jikin tsohuwar ita ce abin bi, kuma Denso ne kamfanin da ke yi wa Toyota. Sannan a injin Sienna, ɓangaren da sikana ke kira Bank 1 shi ne na baya, wajen dashbod, mai wahalar kaiwa. Wanda ke gaba kusa da lagireto Bank 2 ne. Ba ƙaramin kuɗi ke tafiya ba idan aka sauya mai lafiya saboda ita ce hannu ke kaiwa.

Cire kan batir don fitila ta mutu kuwa ɓarna ce. Birenbos na ajiye bayanin yanayin da inji ke ciki a lokacin da matsalar ta faru, gudu da zafi da nauyin da yake ja, kuma gogewar kan tafi da shi. Ba ya sake kunna fitilar a kan yawancin waɗannan lambobin sai ya ga matsalar a tafiya biyu, wasu gwaje-gwajen ma sai an yi doguwar tafiya. Wannan ne dalilin kwana biyu ko ukun da direba ke samu yana zaton an gyara.

Idan fitilar na ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa, kuma zai iya narka indomin idan yana nan. Wannan ta tsayawa ce, ba ta ƙarasa lodi ba. Mai shirin sayen tsohuwar Sienna ko Sharan kuma yana da gwaji kyauta: ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Dole fitilar cek injin ta kama tare da sauran. Idan ba ta kama ba, an taɓa ta.