Kakar Tuffa a Ƙasar Folan: Ribar Tana Wurin Ajiya

Da zarar watan Satumba ya kama, sanyi ya fara saukowa a ƙasashen Turai, ganyayen itatuwa suka soma ja suna kakkaɓewa, manoman gundumar Grojec da ke kudu da birnin Warsaw na ƙasar Folan sukan shiga hidimar da ta fi kowace girma a shekararsu, watau tsinkar tuffa. Wannan lokaci shi ne kakarsu, kuma aikin yakan kai ƙarshen Oktoba. Folan ce ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai noman tuffa, inda takan samu tan miliyan 3 zuwa 4 a shekara, ko da yake a duniya baki ɗaya ƙasar Sin ce ke kan gaba da kimanin rabin abin da ake nomawa.

Matsalar da ke tattare da wannan albarka ita ce duk amfanin yakan nuna ne cikin 'yan makonni, alhali kuwa masu saye suna bukatarsa a duk tsawon shekara. Idan kowa ya kai nasa kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi ke nan. Manomin albasa a Aliero ko na tumatir a Kadawa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Saboda haka wanda yake da wurin ajiya shi ne yake da bakin magana kan farashi.

Ajiyar kuwa tun daga kan itace take farawa. Tuffar da za ta daɗe da hannu ake tsinkarta, a ɗan murɗa ta fita da tsinkenta, kuma kafin ta gama nuna sarai. Wadda ta faɗi ƙasa ta ƙuje ba ta shiga rumbu, sai dai a sayar wa masana'antun da ke tatsar ruwan tuffa, a farashin da bai taka kara ya karya ba. A gidaje, masu itace biyu ko uku a bayan gida har yanzu suna bin hanyar iyaye da kakanni: a jera 'ya'yan cikin akwatunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da duhu, wasu ma su naɗe kowace ɗaya da takarda, a riƙa dubawa ana cire wadda ta fara ruɓewa, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Sauran kuma a yanyanka a busar, ko a dafa da sukari a ɗura cikin kwalabe don amfanin hunturu.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne tuffa ba ta daina numfashi bayan an tsinke ta. Tana shaƙar iskar oksijin, tana kuma fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke gaggauta nunarta da ta maƙwabtanta. A shekarun 1920 wasu masana biyu na Kambirij a Ingila, Franklin Kidd da Cyril West, suka nuna cewa idan aka rage oksijin a ɗakin ajiya, nunar takan yi jinkiri ƙwarai. A kan wannan bincike ne aka gina rumbunan zamani. Ana cika ɗaki da tuffa, a rufe shi ruf, a saukar da sanyinsa zuwa digiri 1 ko 2, sa'annan a rage oksijin daga kashi 21 cikin ɗari da ke cikin iskar da muke shaƙa zuwa kashi 1 ko 2 kacal. Mutum ba ya iya rayuwa a irin wannan ɗaki, amma tuffar da aka tsinka a Oktoba takan fito daga cikinsa a watan Mayu ko Yuni tamkar jiya aka ciro ta.

Sai dai rumbu lokaci kawai yake saya wa manomi, ba ya samar masa da mai saye. Manoman Folan sun ga haka a watan Agustan 2014, lokacin da Rasha, wadda ita ce babbar kasuwarsu, ta hana shigar da 'ya'yan itatuwansu bayan ƙasashen Turai sun ƙaƙaba mata takunkumi kan rikicin Yukren. Jama'ar ƙasar suka shiga yekuwar cin tuffa don tallafa wa manoma, 'yan kasuwa kuma suka bazama neman sababbin masu saye a ƙasashe irin su Masar da Indiya. Bugu da ƙari, a 2017 ƙanƙarar da ta kwanta a lokacin fure ta rage amfanin gona, sa'annan a 2018 aka samu yabanyar da ta wuce kima, har farashin tuffar masana'antu ya kasa biyan kuɗin masu tsinka, wasu manoma suka bar ta a kan itace. Ƙananan manoma marasa rumbun sanyi ne suka fi jin jiki, kuma a ganina wannan shi ne babban amfanin ƙungiyoyin haɗin guiwar da manoman ƙasar ke kafawa don gina rumbu guda su yi tarayya a kansa.

Mai karatu a Nijeriya yana da ruwa da tsaki a wannan lissafi. Yawancin irin tuffa suna bukatar ɗaruruwan sa'o'i na tsananin sanyi kafin su yi fure, abin da ya sa nomanta a nan bai wuce ɗan abin da ake samu a wurare masu tudu kamar Jos ba. Akasarin wadda ake tallarta a bakin titunan Legas da Kano daga Afirka ta Kudu take zuwa, daga yankunan Ceres da Elgin, inda kaka ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu. Tuffar da mutum ya saya a watan Nuwamba tana iya kasancewa ta shafe wata bakwai a rumbu kafin ta hau jirgin ruwa cikin kwantena mai sanyi, kuma kuɗin wutar wannan rumbu, da na jirgi, da canjin dala, duk suna cikin abin da mai talla ya faɗa masa.