Ƙullutun da ke cin wardi da inabi: abin dubawa kafin a sayi dashe

Wardi ba amfanin gonar Zandam ba ne. A wannan yanki na ƙaramar hukumar Gwaram, da maƙwabciyarta Birnin Kudu, gero da dawa da gyaɗa da wake aka fi sani. Sai dai mai lambun da ke sayo dashen fure ko na itace daga wani gari, a cikin baƙar leda, yana iya shigo da cutar da ta daɗe tana damun manyan gonakin wardi na duniya bai sani ba.

Alamarta ƙullutu ne da ke fitowa a gindin shuka, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, ko a wurin da aka yi wa itace aure. Da farko fari ne, mai taushi. Daga baya ya yi duhu, ya taurare, ya tsattsage. Yana matse hanyar ruwa da abinci, sai shukar ta tsumbure, furenta ya ragu. A gonakin da ke gefen tafkin Naivasha a Kenya, inda ake noman wardi don kasuwannin Turai, wannan asara ce kai tsaye, domin tsawon kara da yawan fure ake saye.

Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Agrobacterium tumefaciens ke haddasa ta. Masana biyu a Amurka, Erwin Smith da Charles Townsend, su suka tabbatar da haka a 1907. Tana zaune a ƙasa, kuma ta rauni take shiga: saran fartanya, yankan wuƙar aure, cizon ƙwari. In ta shiga, sai ta cusa wani yanki na ƙwayoyin halittarta cikin na shukar, abin da Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka nuna a 1977. Daga nan shukar da kanta ke ta tsiro da ƙullutun, tana kuma sarrafa wa ƙwayar abinci.

Shi ya sa feshi ba ya warkar da ita. Ko an kashe bakteriyar, umarnin da ta bari yana nan a jikin shukar. Wanda ya sayar wa manomi maganin ƙwari da sunan zai narkar da ƙullutun, kuɗinsa kawai ya ci.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi, kuma daga wurin saye yake farawa. A tone ƙasar ledar kaɗan, a duba gindi da saiwa da wurin auren. In an ga kumburi, a bar dashen komai arharsa. Wuƙa da almakashi a riƙa tsoma su a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, kafin a koma kan wata shuka. Wadda ta kamu a tuge ta da saiwa da ƙasar gindinta, a ƙone. Kada a bar ruwan ban-ruwa ya bi ta wurin zuwa sauran kwamin.

A nan manomin Zandam yana da sa'a: cutar ba ta kama dangin ciyawa. Filin da ta ɓulla, in aka mayar da shi ga gero ko dawa ko masara na wasu shekaru, yawan ƙwayar yana raguwa.

Akwai kuma maganin rigakafi da Allen Kerr ya gano a Ostireliya a farkon shekarun 1970, wata bakteriya marar cutarwa da ake kira K84, wadda ake tsoma dashe a cikinta kafin a dasa. Tana hana kamuwa, ba ta warkarwa. Kuma ba ta aiki a kan nau'in da ke kama inabi, abin da ya kamata duk mai sha'awar kwaikwayon manoman inabi na Kudan a Jihar Kaduna ya sani.

Amma ba kowane ƙulli a saiwa ba ne cutar. Ƙananan ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake alheri ne, su ke tara wa ƙasa taki. Kumburin saiwar tumatir da kuɓewa kuwa galibi aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Wanda ya yi shakka, ya kai shukar wurin malamin gona na JARDA kafin ya tuge lambunsa.

Wani abin mamaki, wannan dabara ta cusa ƙwayoyin halitta ita masana suka ara. Da wannan bakteriyar, bayan an cire mata ɓangaren da ke kawo ƙullutu, aka samar da waken nan mai jure tsutsar da ke huda kwanso, SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fitar a 2019.