Baƙin Mai Na Sintetik: Abin Da Mai Babur Zai Duba

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma darajar Naira ta faɗi, kuɗin baƙin mai ya tashi. Shi ya sa 'yan acaɓa da ke zirga-zirga tsakanin Kiyawa, Shuwarin da Dutse ke tambaya ko mai na sintetik ya cancanci kuɗinsa.

Sintetik mai ne da aka harhaɗa a masana'anta, ya fi jure zafi kuma ba ya saurin tsinkewa. Wannan yana da amfani a zafin bazara, tunda iska ce kaɗai ke sanyaya injin babur ƙirar Boxer. Sai dai abin da ya fi muhimmanci yana bayan robar man: a nemi rubutun 4T da JASO MA ko MA2. A babur, mai guda ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. Sintetik na mota kan zo da sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya riƙa zamewa, a murɗa totur inji ya yi ƙara amma babur ba ya ja. Kauri kuwa a bi littafin babur, galibi 20W-50 ne.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi rabi-da-rabi, wato gaurayen sintetik da na gargajiya, ya ishi babur mai cin kusan lita ɗaya. A saya a gidan mai ko wajen dila, a duba murfi ba a taɓa buɗe shi ba. Na awo a kwalba, a ganina, arhar banza ce. Kuma ƙurar hunturu ba ruwanta da tsadar mai, dole a riƙa juye mai a kan lokaci.