Gashi Sau Biyar: Labarin Sankarar Furostet Da Aka Ɗauka A Kaikaice

Tun da sakamakon binciken PACE-B ya fito daga Ingila a 2024, ake yamaɗiɗi cewa an gano maganin da ke kashe sankarar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, cikin mako guda. Ba sabon magani ba ne. Gashin nan ne da aka sani, wato ƙona ƙari da hasken inji, sai dai an ƙara masa ƙarfi, an rage zuwa asibiti daga sau 20 ko 39 zuwa sau 5. Asibitin Royal Marsden na Landan ne ya jagoranci binciken kan maza 874. Bayan shekara biyar, kusan kashi 96 cikin ɗari na masu gashi biyar ciwon bai dawo musu ba, masu dogon zango kuwa kusan kashi 95.

Me ya sa tun farko ake tsinka gashi kaɗan-kaɗan? Tarihin da ba a cika faɗa ba ke nan. A shekarun 1920, a birnin Faris, Claudius Regaud ya yi gwaji da raguna. Ya ga in aka haska marainan rago gaba ɗaya don kashe ƙwayar haihuwa, fatar sai ta ƙone ta yi gyambo. In aka rarraba hasken cikin kwanaki, buƙata ta biya, fata kuma ta tsira. Kan wannan darasi likitoci suka tsaya shekaru aru-aru, domin injin wancan zamani ba ya bambance ƙari da naman kirki. Injin yau yana ɗaukar hoton furostet kafin kowane gashi, ya saita haske daidai gurbin, ya kauce wa dubura da mafitsara gwargwadon hali. Duk da haka, a binciken, masu gashi biyar sun fi kukan zafin fitsari da yawan zagayawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ne muka fi kowa buƙatar wannan hanya. Dattijon da zai taso daga ƙauye zuwa Shika ko Sakkwato, ya kwana a barandar asibiti wata biyu, ɗansa ya bar gona yana jinya, kwana goma a wurinsa rahama ce. Inji ɗaya kuma zai sallami mutane da yawa. Amma ina injin da ke da wannan saiti, ina wutar da ba ta ɗaukewa, ina ƙwararrun da za su auna shi? Hukumomin lafiya su daina yanke ƙyallen buɗe gini su manta da kuɗin gyara.

Kuma binciken bai shafi wanda ciwonsa ya bazu ba. Mazanmu da yawa sai fitsari ya tsaya cik, ko ƙashin baya ya kama ciwo, sannan a kai su asibiti. Duk wanda ya haura 45 ya je ya nemi gwajin jini na PSA, ya bar jin kunyar likita.