Ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, kore: Yadda launi ke gargaɗin manomi kafin ya buɗe kwalbar feshi

A ƙasan takardar da ake mannawa a jikin kwalbar maganin feshi, akan ga wani launi ya ratsa ta kamar ɗamara. Ga manomin da ke Maikujera a ƙaramar hukumar Rabah, ko a fadamun Wurno da Goronyo, idan bai iya karanta Turanci ba, wannan ɗamarar ce kusan duk bayanin da kwalbar ke yi masa.

Yankin kuwa na noman rani ne. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 a kan kogin Rima tana shayar da gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma inda ake irin wannan noma ba a rabuwa da feshi.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ce ta ba da shawarar amfani da launukan, bisa yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gwargwadon dafinsu. Ja na nufin dafi mafi tsanani, ruwan ɗorawa na biye masa, sai shuɗi, sannan kore wanda haɗarinsa ya fi sauƙi. Sinadarin dichlorvos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, yana cikin rukuni mai tsananin haɗari, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa.

Duk mai son shirya ɗan littafin da zai koya wa manoma waɗannan launuka, tsarin shafukan ne zai fi ba shi aiki. Irin wannan littafi akan ninka takarda ne a ɗinke ta a tsakiya, don haka shafukansa ke zuwa huɗu-huɗu: 8 ko 12 ko 16. Mai shafi takwas ya isa: kowane launi ya samu shafinsa shi kaɗai, a jere daga ja zuwa kore, sauran kuma su ɗauki bango da bayanin safar hannu da takunkumi da wanke jiki bayan feshi.

Matsala ta farko ita ce, launin da mai zane ke gani a kwamfuta ba lallai shi zai fito a takarda ba. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, injin maɗaba'a kuwa da tawada huɗu yake aiki. Ja kan iya fitowa kamar ruwan goro, alhali ruwan goro ba ya cikin gargaɗin. Shi ya sa ake buga gwaji ɗaya a ɗora shi kusa da kwalba ta gaske kafin a buga dubu.

Ta biyu ita ce fotokwafi. Idan kwafi ya ƙare aka kai littafin shago aka maimaita shi da baƙi da fari, ja da kore kan koma toka-toka kusan iri ɗaya. Akwai kuma mutanen da tun haihuwa ba sa bambance ja da kore, galibinsu maza.

Saboda haka ba a barin launi shi kaɗai ya ɗauki saƙon. Kowane shafi na buƙatar sunan launin da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, tare da alama, kamar ƙoƙon kai da ƙasusuwa a shafin ja. Haka kuma ba a ƙawata kanun shafi da ja ko kore don ado, gudun kada mai karatu ya ɗauka gargaɗi ne.

Shafin kore shi ya fi buƙatar kulawa. Wanda ya gan shi zai iya zaton maganin ba ya cutarwa, don haka dole a nuna masa a hoto cewa shi ma ba a ajiye shi kusa da abinci ko inda hannun yaro zai kai.