Kula, Takalmin Tafiya da Man Shafawa: Abin da Mai Sari Zai Duba

  

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan haja iri uku: kayan sanyaya abinci, kayan tafiyar ƙasa, da man shafawa. Abin da ya sa muka haɗa su, dukansu lokaci ne ke sayar da su, kuma mai saye ba ya gane mai kyau da ido, sai ya kai gida ya gwada. In ya ga an cuce shi, ai bai san mai kamfani ba, kai ya sani. To, wanda ya san yadda hajarsa ta ke aiki, shi zai san wanda ya kamata ya sayar wa, da watan da zai saro ta.

NA FARKO: KULA DA RANDA

Jama'a, kula ba ta yin sanyi da kanta. Abin da aka zuba mata shi ta ke riƙewa, ko zafi ko sanyi. Aikin duka yana cikin bangonta, domin tsakanin robar waje da ta ciki akwai wani soso mai tauri da ke hana zafi ratsawa. In za ka sari, ƙwanƙwasa bangon da yatsa. In ya yi ƙara kamar ganga, ka san holoƙo ne. Ƙwanƙwasa murfin shi ma, don sau da yawa a nan a ke rage kaya. Sa'an nan ka sa 'yar takarda a bakinta, ka rufe, ka ja. In ta zare ba wuya, iska ma haka za ta shiga.

Ka gaya wa mai saye abu uku. Dunƙulen ƙanƙara ya fi ɓarɓashi daɗewa. Cikakkiyar kula ta fi wadda ke rabi riƙe sanyi. A ajiye ta a inuwa, a rage buɗe-buɗe. Mai sayar da zoɓo ko kunun aya da ya ji wannan daga bakinka, gobe wurinka zai dawo.

Akwai kuma kashedi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada a bar shi a sarari fiye da awa 2. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Saboda haka shinkafar da aka zuba a kula da asuba, ta huce ta zama ɗumi-ɗumi har la'asar, gara kada a ci ta, ko da an sake ɗumama ta.

Randa kuwa hanyarta dabam. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafi. A kan wannan ne marigayi Malam Muhammadu Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. An ba da labarin yalo da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. Masu tumatir da tattasai irin na 'Yankaba, wannan naku ne.

Amma a lura. Tana son busasshiyar iska da inuwa da wurin da iska ke kaɗawa. Da damina ta sauka iska ta yi laima, ƙarfinta ya ragu ƙwarai. In aka shafe tukunyar waje da fenti ko siminti, an toshe ta, an kashe aikin. Kuma sanyinta bai kai na firji ba, don haka kada ka ce wa kowa ya ajiye ɗanyen nama ko kifi ko madara a ciki.

NA BIYU: KAYAN TAFIYAR ƘASA

Masu sayen wannan suna da yawa: makiyaya, mafarauta, 'yan ci-rani, samari masu hawan Dala da Goron Dutse da Kufena, har da maniyyata, don tafiyar Mina da jifa ba ƙaramar tafiya ba ce. Duk abin da su ke nema takalmin da ba ya cizo, da abin ɗaukar ruwa.

Ga masu sarin takalman gwanjo, irin na Kasuwar Wambai, ga wani abu da ya ci kuɗin mutane da yawa. Akwai manyan takalman hawan dutse da a ke yi wa ƙasa da wata roba mai kama da soso. In ta daɗe a ajiye, laima tana cinye ta daga ciki. Sama fes kamar sabo, amma tafiyar yini ɗaya sai ƙasan ya ruɓe ya zube kamar garin kwaki. Kafin ka biya, lanƙwasa takalmin da ƙarfi, ka danna gefen ƙasan da farce. In ya tsage, ko ya yi danƙo, ko ya yi gari, bar shi komai arharsa. Wanda aka ɗinke ƙasansa ya fi wanda aka liƙa da gam, domin baduku yana iya gyara shi.

Wajen gwaji, ƙafa tana ɗan kumbura da yamma da kuma bayan doguwar tafiya. A gwada da safa, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Kada ka ce wa mutum zai buɗe in bai yi masa ba. Maniyyaci kuma ya saya da wuri ya taka shi a gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa kuwa, lita 1 nauyinta kilo 1 ne, mai tafiya ya yi lissafinsa da haka. Gorar roba da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara tana sanyi kamar yadda salka da randa ke yi. Jarkar da aka taɓa zuba wa fetur ko maganin feshi, kada a sayar da ita don ruwan sha, ko an wanke ta sau goma.

NA UKU: MAN SHAFAWA

Iskar hunturu tana tsotse ruwan fata, shi ke kawo kaushi da faso da tsagewar leɓe. Man kaɗanya da basilin aikinsu tsare ruwan da ke jikin fata kada ya fita. Shi ya sa a ke shafawa bayan wanka tun jiki da damshi.

Man kaɗanya mai kyau, in ka murza shi a bayan hannu zai narke da ɗumin jiki, ba ya barin tsaki ko gari. In ya bar gari, an yi masa algus. In warinsa ya yi tsami, ya tsufa ko an bar ruwa a cikinsa. A ajiye shi a rufe, nesa da rana. Dillalai kuma su riƙa sauraron rediyo: a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata 6, farashinsa ya faɗi, waɗanda suka tara don masu fitarwa suka ji a jikinsu.

Sai man bilicin. Mun san yana da riba, ba ma musu. Amma wasu suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, wasu da kulobetasol mai sa fata ta yi siriri ta yi nankarwa, wasu da haidurokwinon wanda in an daɗe ana shafawa ya kan bar baƙin tabo mai wuyar fita. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta ayyana bilicin a matsayin babbar matsalar lafiya ta ƙasa a 2023, kuma tana kwashe irin wannan kaya. Ranar da aka kwashe, uwar kuɗi da riba sun tafi tare. Haɗin da a ke ɗurawa a kwalba ba suna ba lamba, guje shi. In ba ka karanta boko, sa yaronka ya duba maka lambar hukuma da ranar lalacewa.

LOKACIN SARI

Man kaɗanya da basilin a saro da kaka, kafin iska ta buso. Randa da kula a saro ƙarshen hunturu, a sayar a bazara. Kada a manta azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kasuwar kula kuwa tana bin sa. Wanda ya tara tukwane har ruwa ya sauka, ya yi kwantai.

Kai kuma dillali, la'adarka tana halatta ne in ka faɗi aibin kaya kafin a ce an sallama. Mai saye da ka gaya wa gaskiya yau, shi zai kawo maka ɗan'uwansa baɗi.

Allah shi tsare mu da asara, shi sa albarka a cikin nema. Wassalamu.