Kwalliyar gida da kaka: hattara da wutar lantarki a Droum

Da ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, gero ya shiga rumbu, sai hankalin magidanta a ƙasar Droum, cikin gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ya koma kan gyaran gida. Ana yaɓe inda damina ta zaftare, ana ɗaura sabuwar zana, mata na shafe da jere, domin kaka ita ce lokacin da manomi ke da abin aurar da ƴaƴansa. A da fitilar kwai ke haska irin wannan biki. Yau kuwa ƙwayayen lantarki masu launi ne ake zagaye rumfa da ƙofar amarya da su, ga lasifika, ga wayoyin baƙi da ke jiran caji.

Wutar da ke shiga gidajen karkara iri uku ce: ta kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, inda layinsa ya kai, da ta farantin hasken rana mai batir, da ta janareto. Da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, har zuwa watan Maris na 2024, dole mutane suka koma kan biyun ƙarshe, kuma yawancin haɗin hannun gida ne ya yi shi.

Ba kasafai laifin ke ga ƙwan ba. Ƙwayayen zamani da ake kira LED ba su cin wuta sosai, ba su kuma zafi kamar tsohon ƙwai mai zare, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Aibin yana ga waya. Wutar NIGELEC volt 220 ce, kuma maraba mai ɗaukar amfiya 10 iyakarta watt 2,200. Dutsen guga ɗaya kan ci watt 1,000 ko fiye. In aka haɗa shi da abin dafa ruwa a kan siririyar wayar kasuwa, sai robar ta yi laushi, ta narke. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ga fitilu, 2.5 ga inda ake jona kaya. Mafi muni shi ne haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, domin duk inda haɗi ya yi sako-sako, nan zafi ke taruwa, nan tartsatsi ke tashi. Abin mamaki, mutumin da ya sayi rago don walima shi ne zai yi ƙyashin kuɗin mai gyaran wuta.

Batir ma ba abin rainawa ba ne. Volt 12 ba ta jan mutum, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu, sai su yi ja kamar ƙarfen maƙeri cikin ƙiftawar ido. Maganinsa fis a kusa da bakin batir. Janareto kuwa a fili ake ajiye shi, nesa da ɗakin kwana, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma ba a zuba masa mai sai an kashe shi ya huce.

Abin da ya sa ƙaramin kuskure ke zama babbar hasara a wannan lokaci shi ne kayan da ke kewaye da wayar. Zana ta bushe, harawa na bisa rufi, kara na jingine da danga, rumbu na tsakar gida, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa. Ƴan Nijar ba su manta da gobarar azuzuwan zana ta Maraɗi ba, a watan Nuwamba na 2021, wadda ta ci rayukan yara fiye da 20. Ko mene ne mafarin wuta, ciyawa busasshiya ba ta ba da lokacin gudu. A Droum, inda abincin shekara ke cikin rumbun kara, gobarar dare ɗaya na iya mayar da mai gida mai neman taimako har wata kaka.

Saboda haka kada a ratsa waya ta cikin zana ko shibci, kada a ɗaure ta a jikin kwano ko ƙofar ƙarfe, a kuma ɗaga ta inda hannun yara da ruwan wanke-wanke ba su kai ba. Gidan da ke kan layin NIGELEC ya kamata ya sa makatsar wuta mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum. In taro ya watse, a zare kome kafin a kwanta.

In wuta ta kama waya, a fara yanke ta daga tushe, a zuba rairayi, ba ruwa ba. Wanda lantarki ya riƙe ba a kama shi da hannu, sai da busasshen itace. Lambar masu kashe gobara 18 ce, amma kafin motarsu ta iso daga birnin Damagaram, maƙwabta ne za su fara aikin.